Grace Alele-Williams da tarihin sabon lissafi a makarantun Najeriya

Wata ɗaliba mai karatun koyar da lissafi a wata kwalejin ilimi ta rubuto mini cewa an ba su aiki a kan Farfesa Grace Alele-Williams. Ta duba intanet, amma duk inda ta buɗe magana ɗaya take tararwa, wato ita ce mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya. Abin da take son sani shi ne ko matar nan masaniyar lissafi ce ko masaniyar ilimi, da kuma aikin da ta yi a fagen lissafi wanda har ya sa ake umartar ɗalibai su karanta tarihinta.

'Yata, tambayarki ta yi kyau, domin kin lura da giɓin da yawancin masu rubutu a kanta suke tsallakewa. Shugabancin jami'a ya zo mata ne tana da shekara hamsin da 'yan kai, bayan ta shafe fiye da shekara ashirin tana aiki a wani fage da ba a cika fahimtarsa ba ko a cikin jami'o'in kansu, wato binciken yadda ake koyon lissafi da yadda ake koyar da shi. Mai wannan aiki ba ya neman sabuwar ƙa'idar lissafi da duniya ba ta sani ba, wannan aikin wasu ne. Abin da yake bi shi ne dalilin da ya sa ƙa'idar da aka sani tun shekaru ɗaruruwa take ƙin shiga kan yaro, da abin da ya kamata a gyara a littafi ko a manhaja ko a wurin malami domin ta shiga.

Bari in nuna miki da misali, domin in ba ki riƙe wannan ba sauran tarihin ba zai yi miki ma'ana ba. A shekarun da na yi ina bin ɗalibai zuwa gwajin koyarwa, na sha ganin yaro ɗan aji uku an ba shi 52 a ɗebe 27, ya rubuta 35. Malamin da ba a horar ba jan biro zai sa ya soke, ya ce yaron bai iya ɗebewa ba. Mai bincike kuwa zai tsaya ya tambayi kansa inda 35 ta fito, kuma zai gano cewa yaron bin wata doka yake yi da ya ƙirƙira wa kansa: a kowane gida yana cire ƙaramar lamba daga babba, bakwai a cire biyu saura biyar, biyar a cire biyu saura uku. Yaron ya iya ɗebewa sarai. Abin da bai gane ba shi ne biyar ɗin da ke cikin 52 dami biyar ne na goma-goma, kuma ana iya kwance dami ɗaya a haɗa da biyun nan su zama sha biyu. Ranar da aka kawo masa tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma da zare, ya kwance dami ɗaya da hannunsa, ya ƙirga ya ga 25 suka rage, maganar aro ta daina zama sihiri a wurinsa. To irin wannan aiki ne Alele-Williams ta yi, sai dai ita ta yi shi ne a kan manhajar ƙasa da malamai masu yawan gaske.

An haife ta a Warri, cikin jihar Delta ta yanzu, ranar 16 ga Disamba 1932. Ta yi firamare a garin, ta wuce Queen's College ta Legas, sannan ta shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ta kammala digiri a lissafi a 1954, a zamanin da matan da ke cikin kwalejin ba su taka kara sun karya ba, balle a sashen lissafi. Daga nan ta koyar da lissafi na tsawon shekara uku a makarantar 'yan mata ta Queen's School, wadda a lokacin take Ede, a jihar Osun ta yau. Kada ki raina waɗannan shekaru uku idan kika zo rubutu, domin da yawa daga cikin waɗanda suka tsara manhajojin lissafi a wancan zamani ba su taɓa tsayawa gaban allo a makarantar sakandare ba, ita kuwa da alli ta fara.

A 1957 ta tafi Amurka, Jami'ar Vermont, inda ta samu digiri na biyu a fannin ilimi a 1959. Shekarar da ta sauka a can tana da muhimmanci, domin a watan Oktoba na 1957 ne Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, abin da ya tayar wa Amurkawa da hankali ƙwarai. Suka ɗora laifin a kan makarantunsu, gwamnati ta zuba kuɗi masu yawa a gyaran koyar da lissafi da kimiyya, kuma a 1958 aka kafa wani babban kwamitin rubuta sabbin littattafan lissafi a ƙarƙashin Edward Begle na Jami'ar Yale. A Turai ma, a taron Royaumont na ƙasar Faransa a 1959, shahararren masanin lissafi Jean Dieudonné ya nemi a ajiye tsohuwar hanyar koyar da lissafin siffofi da aka gada daga Euclid, masanin lissafi na tsohuwar Girka. Wannan guguwa ce ta haifi abin da aka kira sabon lissafi, ko lissafin zamani. A tsakiyarta Alele-Williams ta yi karatu, ta koma Jami'ar Shikago, ta samu digirin digirgir a 1963 da bincike a kan yadda ilimi ke gudana a ƙasar da ta samu 'yanci sabuwa, Najeriya ce kuma misalin da ta ɗauka. Ita ake lissafawa a matsayin 'yar Najeriya ta farko da ta kai wannan mataki. A shekarar ta dawo gida, ta auri Babatunde Williams, malamin kimiyyar siyasa, ta yi shekara biyu tana bincike a Ibadan, sannan ta koma Jami'ar Legas a 1965.

Yanzu mun zo inda nake so ki fi tsayawa. A farkon shekarun 1960 wasu malaman jami'a a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ted Martin na jami'ar MIT, suka kafa shirin lissafi domin ƙasashen Afirka masu amfani da Turancin Ingilishi, da tallafin hukumar USAID da gidauniyar Ford. Tun daga 1962 aka riƙa tara masana daga Amurka da Birtaniya da Afirka a garin Entebbe na Yuganda lokacin dogon hutu, daga baya kuma a Mombasa ta Kenya, suna rubuta littattafan ɗalibai da jagoran malamai tun daga aji ɗaya na firamare har sakandare. Shi ya sa littattafan suka shahara da sunan Entebbe. Ƙasashe irin su Gana da Saliyo da Laberiya da Habasha da Tanzaniya da Najeriya duk sun shiga. Alele-Williams tana cikin 'yan Afirkan da suka riƙa halartar waɗannan tarurruka, kuma ita ta jagoranci gwada littattafan a makarantun firamare na Legas. An fara da 'yan makarantu kaɗan a tsakiyar shekarun 1960, aka horar da malamansu, aka riƙa bin sawunsu, sannan a farkon shekarun 1970 jihar Legas ta baza tsarin a dukkan makarantunta. A 1974 ta wallafa littafin jagora ga malamai a kan lissafin zamani, ta kuma rubuta maƙaloli a mujallun ilimi tana bayanin yadda gwajin ya gudana.

Mene ne sabo a cikin sabon lissafin? Tsohon tsarin da aka gada daga Turawan mulki hadda ce da maimaici: yaro ya haddace jadawalin sau, ya iya doguwar rabawa, ya iya lissafin fam da sule da kwabo, domin ya zama akawu ko malamin haraji. Sabon tsarin ya ce a fara da ma'ana kafin a zo ga dabara. Yaro zai fara da rukunin abubuwa, a zana da'ira a sa mangwaro uku a ciki, a zana wata a sa kofi uku, ya haɗa kowane mangwaro da kofi ɗaya, daga nan ya gane abin da kalmar uku take nufi. Za a nuna masa layin lambobi, a nuna masa cewa biyu da biyar daidai yake da biyar da biyu kuma wannan doka ce mai suna, sannan a koya masa ƙirga a kan tushen da ba goma ba, domin ya gane cewa goma ɗin da muke ɗaure lambobi da ita zaɓi ne na mutane.

Wannan tunani ba shirme ba ne, kuma duk wanda ya ce miki shirme ne bai duba shi da kyau ba. Kafin 1 ga Janairu 1973, ranar da naira da kwabo suka maye gurbin tsohon kuɗi, kowane ɗan kasuwa a Kurmi yana lissafi da tushe iri biyu a lokaci guda ba tare da ya san sunan abin ba. Kwabo sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam; taro kwabo uku ne, sisi kwabo shida, nai kuwa kwabo tara. Idan mutum yana da fam biyu da sule sha biyar da nai, aka ƙara masa sule bakwai da sisi, nan take zai ce nai da sisi sule ɗaya ke nan da taro, sule sha biyar da bakwai da ɗayan nan ashirin da uku, wato fam ɗaya da sule uku, jimla fam uku da sule uku da taro. Ya ɗaure a sha biyu, ya sake ɗaurewa a ashirin, bai yi kuskure ba. Abin da masu sabon lissafi suke so yaro ya gane ke nan, cewa ɗaurewar ita ce asali. Inda aka yi rashin sa'a shi ne littattafan da aka rubuta ba su cika farawa daga irin wannan sani na gida ba, sun fara ne daga alamomi da kalmomin da aka kwaso daga jami'o'in Amurka.

Ki kwatanta abin da ya faru a ajin da malaminsa bai samu horo ba. A ƙirgan tushe biyar, huɗu da uku bakwai ne, bakwai kuwa dami ɗaya ne na biyar da ragowar biyu, don haka ana rubuta 12, ana kuma karanta shi ɗaya, biyu, a tushe biyar. Malamin da aka miƙa wa littafi bayan bita ta 'yan kwanaki sai ya rubuta a allo ya karanta wa yara cewa huɗu da uku sha biyu ne, yara su amsa da ƙarfi, su koma gida su maimaita. Uban da ya wuni yana auna hatsi a kasuwa ya ji ɗansa yana cewa huɗu da uku sha biyu, kuma malam ne ya faɗa, ba sai an gaya miki hukuncin da zai yanke wa makarantar boko ba. Ni kaina na tarar da ƙarshen wannan zamani ina firamare, kuma abin da na fi tunawa shi ne mun cika littafi da da'irori masu shiga cikin juna, muna kwafa daga allo da kyau, ba tare da malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa gaya mana abin da suke nufi ba. Daga baya na fahimci cewa shi ma ba a gaya masa ba.

A nan ne nake ganin darajar Alele-Williams ta fi fitowa, domin ƙarfin aikinta ya tafi ne wajen malamai. Gwajin Legas ya yi armashi a farko saboda makarantun kaɗan ne, malaman an zauna da su, kuma akwai mai zagayowa ya ga abin da ke faruwa a aji. Da aka faɗaɗa shi, littattafai suka yi gaba, horo ya tsaya a baya. Sai kuma ga shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba 1976. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana, aka shiga ɗaukar malamai da gaggawa, wasu da 'yan watanni na horo, wasu ma babu. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin toshe wannan ɓaraka, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajar da take bukatar malamin da ya fahimci lissafi fiye da na da ta faɗo a daidai lokacin da ajujuwa suka cika da malaman da ba su kai na da ba.

A watan Janairu 1977 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta kira taro a birnin Benin a kan makomar lissafi a makarantu. Masana sun je da shirin muhawara, sai kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani a makarantun firamare. Ba Najeriya kaɗai ta juya baya ba, domin a Amurka ma an daɗe da fara sukarsa, har masanin lissafi Morris Kline ya fitar da littafi guda a 1973 yana zargin tsarin da hana yara iya tarawa. Bambancin shi ne a nan umarni ne ya sauko daga sama a rana ɗaya, a zamanin soja, ba tare da an tanadi abin da malamai za su koyar washegari ba. Sai bayan haka aka kafa kwamitoci, aka rubuta sabuwar manhaja wadda ta ɗauki wani abu daga tsoho, wani abu daga sabo.

Idan malaminku ya tambaye ki wa ke da laifi, ra'ayina shi ne idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu tsara littattafan sun yi zaton abin da yake tushe a idon masanin lissafi shi ne mafari a kan yaro ɗan shekara shida, alhali ba haka ba ne, kuma sun rubuta da Turancin da yaron ƙauye da malaminsa suke kokawa da shi. Gwamnatoci kuma sun karɓi littafi sun ƙi biyan kuɗin horo, sannan da abin ya lalace suka yar da shi baki ɗaya. Alele-Williams tana cikin waɗanda suka kawo tsarin, don haka ba za a wanke ta tas ba, kuma bai kamata ki rubuta tarihinta kamar waƙar yabo ba. Amma tana cikin 'yan kaɗan da suka bi littafin har cikin aji suka ga abin da ya zama a hannun malami, kuma abin da ta yi bayan haka ya nuna inda ta gano ciwon yake.

A tsakiyar shekarun 1970 ta zama farfesa a fannin koyar da lissafi, ta kuma riƙe Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Legas a matsayin darakta kusan shekara goma. A can ta buɗe kwasa-kwasan da ba na digiri ba, waɗanda suka bai wa malaman firamare da suka daɗe a bakin aiki, musamman mata manya masu iyali, damar komawa karatu su samu takardar shaida. Wannan aiki ba ya jawo kanun labarai, shi ya sa ba za ki gan shi da yawa a intanet ba, amma ki tuna cewa waɗannan mata su ne suke koya wa yara ɗebewa da aro, kuma jami'o'i a lokacin ba su ɗauke su a bakin komai ba.

A 1985 aka naɗa ta shugabar Jami'ar Benin, a birnin da aka soke lissafin zamani shekara takwas kafin nan, kuma Farfesa Jibril Aminu ne ministan ilimi a lokacin. Ta riƙe muƙamin har farkon shekarun 1990. An san ta da tsauri, ta yi fito-na-fito da ƙungiyoyin asiri na ɗalibai da suka addabi jami'ar, kuma zamaninta bai rasa rigima ba: a 1987 aka sallami wasu malamai, cikinsu har da Festus Iyayi, shugaban ƙungiyar ASUU na ƙasa a lokacin, magana ta kai kotu, daga baya ya koma bakin aikinsa. Har yau akwai masu yaba mata a kan dawo da tsari, akwai kuma masu ganin ta yi wa 'yan ƙungiya tsanani a zamanin mulkin soja. Ki ambaci ɓangarorin biyu a taƙaice ki wuce, domin aikin da aka ba ki na lissafi ne.

Abin da ya fi kusa da batunki a shekarunta na baya shi ne ƙoƙarinta a kan 'yan mata da lissafi. Ta shugabanci kwamitin mata na Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka, ta yi mataimakiyar shugabar ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, ta kuma yi aiki da hukumar UNESCO. Gwamnati ta ba ta lambar girma ta ƙasa a 1987. Ta rasu a Legas ranar 25 ga Maris 2022, tana da shekara 89.

Game da rubutun naki, shawarata ita ce ki taƙaita jerin muƙamai da lambobin yabo a sakin layi ɗaya, ki ba shekarun 1963 zuwa 1977 mafi yawan shafukanki. Idan kuma kina son hujjar da za ki riƙe a hannu, ki ɗauko littafin lissafi na ajin farko na babbar sakandare da ake amfani da shi yanzu, ki buɗe babobin farko. Za ki tarar da ƙirga a kan tushe biyu da tushe takwas, za ki tarar da rukunai da da'irorin nan masu shiga cikin juna, kuma duk suna cikin abin da hukumar WAEC take yi wa ɗalibai tambaya a kai. Ki kwatanta waɗannan babobi da abin da na gaya miki game da littattafan Entebbe, sannan idan kin fita gwajin koyarwa ki roƙi malamin ajin ya bar ki ki zauna a baya ranar da zai koyar da tushe biyu, ki rubuta yadda ya karanta wa yara 101 da bakinsa.